Ba Girin-Girin Ba, Ta Yi Mai: Sabbin Dabarun Koyarwa Da Makarantun Ɗan Kassari

Tun daga 1960 da Nijar ta samu ƴancin kanta har zuwa yau, da wuya a ƙirga shekaru goma a jere ba tare da an shelanta wata sabuwar dabarar koyarwa a makarantun firamare ba. Kowace takan zo da kiɗa da kirari, a tara manya a babban zaure a Yamai, a raba jakunkuna da takardu, a ce daga yau matsalar ilimi ta kau. Bayan ƴan shekaru kuɗin masu ba da agaji su ƙare, ministan da ya kawo ta ya sauka, sai a naɗe tabarmarta a shimfiɗa wata. Amma shi uban da ke Ɗan Kassari, wanda ya haƙura da taimakon ɗansa a gona da kiwo har shekara shida, tambayarsa guda ce: yaron nan da ya kai aji shida, zai iya karanta wasiƙar yayansa da ke ci-rani, ko ya lissafa kuɗin buhu goma na wake ba tare da an cuce shi ba? A gidaje da yawa amsar ba ta da daɗin ji, kuma ya kamata a faɗi dalili ba tare da kwana-kwana ba.

Ƙaramar hukumar Ɗan Kassari ma'auni ce mai kyau ga wannan magana. Tana cikin gundumar Dogon Dutsi ta jahar Doso, a bakin babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, tsakanin Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, tafiyar kimanin kilomita 300 daga Yamai. A cikinta ne garin Lugu yake, inda Sarauniya ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Mutanenta, kamar na sauran ƙasar Arewa har zuwa gundumar Tibiri da aka yanka daga Dogon Dutsi a 2011, galibinsu manoman hatsi da wake ne masu magana da Hausa, tare da Fulani makiyaya. Yaron da ya shiga aji ɗaya a can yana zuwa da Hausa cike da bakinsa, ya san sunayen itatuwa da dabbobi, ya iya ƙirga dala da jikka a kasuwa, amma bai taɓa yin hira da kowa da Faransanci ba. Yanki ne mai harshe guda rinjaye, ga kwalta, ga shi ba nesa da babban birni ba. Dabarar da ta kasa kama ƙasa a nan, ina za ta kama?

Kafin a yanke hukunci, yana da kyau a waiwayi abin da aka riga aka gwada. A 1964, da taimakon Faransa, aka soma koyarwa ta talabijin a wasu ƴan azuzuwa na Yamai da kewaye, har masana na ƙasashen waje suka riƙa zuwa kallo. Shirin bai taɓa game ƙasa ba, kuma kafin 1980 ya zama labari, kamar yadda irinsa ya rushe a Kodibuwa a farkon shekarun 1980. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda ake fara karatu da Hausa kafin a shiga Faransanci, daga baya aka ƙara da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Buzanci. A 1974 aka kafa cibiyar INDRAP domin tsara manhaja da littattafai. A 1988 aka fito da manhajar da ke gina kowane darasi bisa manufar da aka rubuta masa. Bayan 2000, a zamanin shirin ilimi na shekaru goma da aka soma a 2003, sai aka koma maganar koyarwa bisa ƙwarewa, wato a auna abin da yaro ya iya aikatawa. Ba a gama fahimtar wannan ba, sai ga tsarin manhaja na 2012 da dabarar koyarwa bisa al'amuran rayuwa, wadda aka soma gwadawa a makarantu 500 a 2015, da harsunan gida a azuzuwan farko, kafin a faɗaɗa ta zuwa dubbai. Ko jarrabawar kammala firamare ba ta tsira ba: an soke ta, aka yi shekaru kusan goma babu ita, sannan aka maido da ita a 2024.

Adalci ya sa a ce dabarar ta baya-bayan nan ba shirme ba ce. Abin da take nema shi ne malami ya ɗauko darasi daga abin da yaro ya sani, kamar rabon ruwa a bakin rijiya ko cinikin tumaki ranar kasuwa, ya raba yara rukuni-rukuni su tattauna, su lalubo amsa da kansu, shi kuma ya daidaita musu hanya. Ta fi tsohon yayi na maimaita jimlar Faransanci da ƙarfi har a haddace ta ba a san ma'anarta ba. To amma dabara ce mai tsada. Tana bukatar malamin da ya mallaki darasinsa har ba ya tsoron tambayar yaro, tana bukatar littafi a hannun kowane ɗalibi, da ajin da za a iya juya tebura a cikinsa, da shekarar karatu cikakkiya. An sayo dokin tsere, ba a tanadi sirdi ko harawa ba.

Sakamakon kuwa ba ɓoyayye ba ne. A 2014 shirin PASEC na ƙasashe masu amfani da Faransanci ya auna ɗaliban ƙasashe 10, Nijar ta zo ta ƙarshe: kashi 8 da rabi cikin 100 kacal na ƴan ajin ƙarshe suka kai matakin da ake bukata a karatu, a lissafi kuwa ba su cika kashi 8 ba. A awon 2019 an samu ci gaba na haƙiƙa, inda karatu ya kai kashi 30, lissafi kashi 22 da rabi. Ci gaban abin yabo ne, sai dai ma'anarsa ita ce yara 7 cikin 10 suna gama shekara shida ba su iya karanta shafi su fahimce shi ba. Alƙaluman na ƙasa baki ɗaya ne, birni da ƙauye a haɗe, kuma kowa ya san cewa makarantar ƙauye ita ke ƙasan ma'auni. Matsalar ba ta Nijar kaɗai ba ce, domin a 2022 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kusan yara 9 cikin 10 a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta gajeren labari su gane shi a shekara goma da haihuwa. Amma yawan masu ciwo ba ya zama magani.

Cikas na farko shi ne halin da aka jefa malami. Daga 1998, a ƙarƙashin matsin tsuke bakin aljihu na Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni, gwamnati ta koma ɗaukar ƴan sa-kai, daga baya ƴan kwantaragi, da ɗan abin da bai kai albashin cikakken ma'aikaci ba, kuma sau da yawa ba ya zuwa a kan kari. An buɗe makarantu da yawa da wannan hanya, yara da yawa sun shiga aji, har ƴan kwantaragi suka zama mafi rinjaye a cikin malaman firamare. Da yawansu an miƙa musu alli ba su taɓa zama a makarantar horon malamai ba. A 2017, zamanin minista Daouda Mamadou Marthé, aka yi musu jarrabawa da tambayoyi irin na firamare, kimanin ɗaya cikin uku ne kawai ya samu rabin maki. An yi ta yi musu dariya a gidajen rediyo da majalisun shayi, alhali kuwa su ma ƴaƴan wannan makaranta ne, abin da aka shuka musu shi suka girbe. Irin wannan malami ne ake kira taron kwana biyar ko goma a babban gari, wanda ya horar da shi ma wani ne ya horar da shi a gurguje, sannan a ce ya koma ƙauye ya sauya dukan yadda yake koyarwa. Saƙon da ya bi ta baki huɗu kafin ya iso, kowa ya san abin da ke saura a cikinsa.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Jin Hausa daban, koyarwa da Hausa daban. Malamin da aka haifa a Matankari yana iya zama gwanin magana, amma bai taɓa koyon ƙa'idar rubutun harshensa ba, bai san inda ake sa ƙugiya ko inda ake raba kalma ba, bai san sunan da manhaja ta ba rabawa da ninkawa ba. Ga bambancin karin harshen Arewa da Hausar da ke cikin littafi, wanda ke bukatar malami mai lura domin kada yaro ya ɗauka maganar uwarsa kuskure ce. Ga kuma tura ma'aikata da ake yi ba tare da duba harshe ba, a kai wanda bai ji Hausa sosai ba ajin Hausa, a kai Bahaushe rugar da yara ba su jin komai sai Fulatanci. Tarurrukan malamai na CAPED, inda ya kamata na gaba ya ja na baya, sukan tsaya da zarar kuɗin mota da abinci sun yanke. Mai ba da shawara kan koyarwa kuwa, in ba shi da babur da mai, ofishinsa kawai yake gadi.

Cikas na biyu shi ne littafi. An sha fara shekara da sabuwar manhaja alhali littafinta yana maɗaba'a ko yana jibge a ɗakin ajiya. Ajin da ya fara da Hausa a shekarar farko yakan haura aji na gaba ya tarar babu na ci gaba, sai malami ya koma tsohon littafin Faransanci, yaro ya tashi ba shi ga tsuntsu ba shi ga tarko. Abin kunya ne a ce makarantar allo, wadda ba ta da kasafin kuɗi ko mai ba da agaji, ta daɗe da warware wannan: kowane almajiri da allonsa a hannu, kuma ba a biya masa gaba sai ya iya na baya. Abin da masana ke yabawa a yau a tsarin ƙungiyar Pratham ta Indiya, wato a koyar da yaro daidai matakin da yake, ba daidai lambar ajinsa ba, tsohon abu ne a zauren malam.

Cikas na uku shi ne aji da lokaci. A 2021 hukumomi da kansu suka ce azuzuwan zana a ƙasar sun kai wajen 36,000. Ajin zana ba ya tsayuwa sai an gama girbi an samu kara, wato makarantar da aka ce ta buɗe a farkon Oktoba takan jira Nuwamba ko fiye. Da iskar bazara da ruwan farko sun zo a Mayu ko Yuni, rumfa ta faɗi, iyaye kuma sun janye yara zuwa shuka. A cire ranakun yajin aiki, a cire kwanakin da malami ke tafiya babban gari neman albashinsa, sai a ga wata tara na takarda sun koma shida ko ƙasa da haka. Manhajar da aka auna da cikakkiyar shekara ba za ta shiga wannan ɗan buhu ba. Yaran da ke zaune a ƙasa, ƙura na shiga ido, babu wurin kafa hoto ko ajiye littafi, ba su ne za a raba rukuni-rukuni ba. Kuma zana ba karatu kaɗai take ci ba: a watan Afrilu na 2021 gobara ta kashe aƙalla yara 20 a makarantar unguwar Pays-Bas a Yamai, a watan Nuwamba na shekarar ta kashe aƙalla 25 a Maraɗi.

Cikas na huɗu shi ne amana, kuma a nan maganar ta shafi ma'aikatan gwamnati kai tsaye. Bincike-binciken da aka yi a kan makarantun gwaji sun nuna cewa yaran da suka fara da harshen gida sun fi takwarorinsu iya karatu, kuma ba su kasa su a Faransanci ba. Marigayi Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya kafa hujja a kan haka tun 1964 a littafinsa kan ilimi a Afirka. Dokar ilimi ta 1 ga Yuni 1998 ta amince da harsunan gida a matsayin harsunan koyarwa. Duk da haka makarantun suka shafe shekaru fiye da talatin ana kiran su na gwaji, ba su wuce ƴan gomomi ba. Manomi ba wawa ba ne. Yana ganin waɗanda ke yaba masa karatu da Hausa sun kai nasu ƴaƴan makarantun kuɗi inda ake fara Faransanci tun daga rainon yara, yana ganin jarrabawar shiga aikin gwamnati da Faransanci ake yin ta, sai ya ce wanzami ba ya son jarfa. Matuƙar ba a nuna masa a aikace cewa Hausar aji ɗaya gada ce zuwa Faransanci da Turanci masu ƙwari ba, zai ci gaba da ɗaukar ta a matsayin karatun ƴaƴan talakawa.

Ƙasashen da suka ci nasara ba wani sihiri suka yi ba. A awon PASEC na 2014, Burundi, ƙasar da ba ta fi Nijar wadata ba, ita ce ta yi zarra a azuzuwan farko, domin da harshen Kirundi ake koyarwa, malami da ɗalibi da littafi duk bakinsu ɗaya. Kenya daga 2015 ta bi shirin Tusome: littafi guda ga kowane yaro, jagoran malami mai darasin kowace rana a rubuce, da jami'in da ke shiga aji a kai a kai ya zauna ya ga yadda ake yi. Nijeriya kuwa, wadda ke maƙwabtaka da ƙasar Arewa, darasinta na gargaɗi ne. Tun 1970 gwajin Ife na Farfesa Babs Fafunwa ya nuna amfanin koyarwa da Yarabanci, a 2022 gwamnatin tarayya ta shelanta koyarwa da harshen uwa a firamare ba tare da isassun littattafai da malamai ba, a ƙarshen 2025 kuma ta soke manufar. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ko a cikin gida akwai abin koyi. Shirin makaranta ga kowa da hukumar JICA ta Japan ta soma a jahar Tawa a 2004 ya nuna cewa kwamitin makaranta da iyaye suka zaɓa da ƙuri'ar asiri yana iya tara kuɗi, ya gina rumfa, ya shirya wa yara darasin ƙari bayan an tashi. A Ɗan Kassari kanta, ƙungiyar RAEDD da abokan aikinta na Tarbiyya Tatali, tare da ƙawancen garin Cesson-Sévigné na Faransa, sun shafe shekaru suna tallafa wa makarantu da karatun ƴan mata. Sun cancanci godiya. Amma juyin mulkin Yuli 2023, da dakatar da tallafin da Faransa da Tarayyar Turai suka yi a bayansa, sun tunatar da kowa cewa makarantar da ke numfashi da aljihun baƙo tana iya shaƙewa a dare ɗaya.

Yanzu kuwa uzuri ya ƙare. Kundin sake gina ƙasa da Janar Abdourahamane Tiani ya sa wa hannu ranar 26 ga Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci da Turanci harsunan aiki. Mataki ne babba a takarda. Haɗarinsa shi ne a ɗauke shi dalilin ƙago wata sabuwar manhaja da sabon suna, a sake tara taro, a sake watsar da abin da aka fara a 2015. Wani haɗarin shi ne a manta da ɗan Bafulatani da ɗan Bazabarme, waɗanda hujjar da ta ba ɗan Bahaushe haƙƙin fara karatu da harshen uwarsa ita ce ta ba su nasu.

Abin da ake bukata daga ma'aikatar ilimi ba ya da yawa, amma yana son jimiri. A tsaya a kan dabara guda aƙalla shekaru goma, ko da an sauya minista sau biyar. Kada a buɗe ajin harshen gida a wata makaranta sai littafin shekarar da na shekara mai zuwa sun isa hannun daraktanta, kuma a buga su a cikin ƙasa da kuɗin kasafin ƙasa. A sauƙaƙa wa malami da jagora mai darasin kowace rana, har ya ƙware ya iya sakin sandar. Makarantun horon malamai, har da ta Mali Bero da ke Doso, su sa rubutu da koyarwa da harshen gida a cikin sharaɗin samun takardar shaida, a kuma tura kowa inda ake jin harshensa. Kuɗin da ake kashewa a tarurrukan otal a mayar da su man babur na masu zagaya azuzuwa. A biya malami haƙƙinsa ranar da aka yi masa alkawari. Sannan a ƙarshen kowace shekara a auna ƴan aji biyu, a karanta sakamakon kowace makaranta a gaban iyaye da hakimi da masu riƙon ƙaramar hukuma, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ƴan kasuwar Dogon Dutsi da Tibiri da Ɗan Kassari su ma da nasu kason. Su ne ke kukan rashin yaron shago da zai riƙe littafin bashi ba tare da kuskure ba, su ne kuma ke da halin mayar da ajin zana guda ya zama na bulo da kwano a ƙauyen da aka binne cibiyarsu. Ƴan asalin yankin da ke riƙe da muƙamai a Yamai kuwa, ziyarar aji ɗaya ba tare da sanarwa ba ta fi jawabi goma a bikin buɗe taro.

Yaron da ya shiga aji ɗaya a Ɗan Kassari a 2015, shekarar da aka soma gwajin sabuwar manhaja, yau saurayi ne, wataƙila ma ya fara tafiya ci-rani. Ba za a maido masa da shekarunsa ba. Ƙannensa ne ke zaune a ƙarƙashin zana yanzu, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk hukumar da ke son a yaba mata a fannin ilimi, to, ta bar ƙirga tarurruka da sunayen dabaru, ta zo Lugu ko wani ƙauye makamancinsa, ta miƙa wa ƴar aji uku takarda, a ji ko za ta karanta.